Ku Tambaya Mu Amsa: Fasahar waya, kududdufi da mutanen unguwa

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tambayoyin da suka taru wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato irin ayyukan fasaha da ake yi da waya da kwamfuta waɗanda jama'a ke sa hannu a ciki, musamman masu taɓa maganar muhalli. Wasu saƙonnin na rage musu tsawo, a yi min afuwa.

TAMBAYA, daga wani ɗalibin BUK mazaunin Kabuga: Malam barka da aiki. Ni fa ina ganin bidiyoyi a Instagram, ɗaki cike da haske mutane na shiga suna taɓa bango furanni na fitowa, a ce wai fasaha ce ta wayar da kai kan muhalli. Dan Allah wannan ba wasan masu ƙoshi ba ne? Mu da ko wutar caji sai mun je shago meye namu a ciki?

AMSA: Ƙanina rabin maganarka gaskiya ce. Irin wancan ɗakin, waɗanda suka fi shahara da shi wata ƙungiya ce ta Japan mai suna teamLab, gidan da suka buɗe a Tokyo a 2018 majigi sama da 400 suka sa a cikinsa ga ɗaruruwan kwamfutoci, kuma sai da tikiti aka dinga shiga. Yana da kyau ba ƙarya, amma galibin masu shiga hoto suke zuwa ɗauka, ban ga wata bishiya da ta tsiro saboda shi ba.

Sai dai ba shi kenan ba. Akwai wani mai fasaha Olafur Eliasson, wanda a 2014 ya sa aka kwaso manyan dunƙulen ƙanƙara guda 12 daga tekun Girinland aka jera su a tsakiyar birnin Kofanhegan na ƙasar Denmak kamar fuskar agogo, ya sake yi a Faris a 2015 lokacin babban taron sauyin yanayi, sannan Landan a 2018, mutane suna zuwa suna taɓawa suna sa kunne suna jin tana narkewa. Ya girgiza mutane, amma ni ko yaushe sai na tuna man da aka ƙona wajen jigilar ƙanƙarar a kwantena mai sanyi, kuma ba ni kaɗai na faɗi haka ba.

Wanda ya fi kwanta min shi ne na wani Bajamushe Joseph Beuys, kuma ko waya babu a ciki. A 1982 ya sa aka jibge duwatsu 7,000 a wani fili a tsakiyar garin Kasel, ya ce ba a ɗauke dutse ɗaya sai an shuka bishiya ɗaya a cikin garin an kafa dutsen a gefenta. Mutanen gari suka yi ta surutu an tare musu fili, to ga hanyar kwashewa nan, ku shuka. Shekara biyar ana yi, shi ya rasu a 1986, ta ƙarshe a 1987 ɗansa ya shuka ta. Ka duba inuwar darbejiyar da muka rasa a gefen titunan Kano saboda faɗaɗa hanya da gadar sama, sai ka faɗa min ko wannan wasan masu ƙoshi ne.

A nan gida kuma akwai Emeka Ogboh, shi sautin Legas ya dinga naɗa, ihun kwandastan bas ɗin haya da suke kira danfo, hon, masu talla, janareta, ya je ya saka a lasifika a biranen Turai. Kayan aikinsa na farko na'urar naɗar sauti ce da kunne mai kyau. Batun jama'a su sa hannu kuwa ba a koya wa Bakano shi, tashe ma ai haka yake, daga goma ga azumi yara ke haɗa kayan wasansu da tsumma da auduga da gwangwani, titi ne dandalin, masu gida su amsa su ba da sadaka, ba mai kallo zalla kowa ɗan wasa ne. Abin da waya ta ƙara shi ne a ajiye, a auna, a nuna wa wanda bai zo ba.

TAMBAYA, daga wata malamar firamare a cikin birni: Malam ina wuni. Muna da ƙungiyar matasa maza da mata a unguwarmu, duk damina ruwa sai ya shiga gidaje, tsofaffi suna cewa tunda aka cike kududdufin bayanmu abin ya fara. Muna so mu yi wani abu da zai ja hankalin mutane ba wai takardar koke kawai ba, amma wayoyi kawai gare mu sai laftof ɗaya. Ta ina za mu fara?

AMSA: Malama wallahi tambayarki ta fi min daɗi, kuma abin da kuke da shi ya isa. Tsofaffin nan gaskiya suka faɗa. Kududdufan Kano ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar ginin gidaje da ta badala, daga baya suka zama matattarar ruwan sama, idan aka sheƙa ruwa nan yake kwanciya ya tsuma a hankali ya shiga ƙasa rijiyoyi su samu. Da aka bi su da bola aka cike aka yanka filoti aka yi shaguna, ruwan bai san an sayar ba, hanyarsa ta da yake nema, ga siminti da kwalta ko'ina ba inda zai nutse, ga lambatu ya toshe da leda da robar fiya wata. Duk wanda ya san titin BUK tun daga Ɗan Agundi zuwa Gadon Ƙaya shekaru ashirin baya ya san abin da nake faɗa.

Ku fara da kunne kafin kyamara. Ku raba kanku biyu biyu, matan su shiga cikin gidaje wajen iyaye da kakanni, mazan su je majalisar dattawa bayan la'asar, a kunna rikoda ta waya a tambaye su, meye sunan kududdufin, daga ina zuwa ina ya kai, wa ke wanki a bakinsa, ana kama kifi, yaushe aka fara zuba shara, wa ya fara gini. Kada ku katse tsohuwa in ta karkata zuwa labarin aurenta, a cikin wannan karkatar ake tsintar abin da ba wanda ya rubuta. Kuma ku tambayi ɓangaren da ba daɗi, sauro, wari, yaran da suka nutse, saboda in kuka zana kududdufi kamar aljanna mutanen da suka zauna kusa da shi za su san kun yi ƙari, daga nan sun daina yarda da ku.

Sai laftof ɗin. Ku sauke Google Earth Pro, kyauta ne, akwai wani ɗan agogo a samansa da in kin danna zai nuna miki hotunan tauraron ɗan'adam na shekarun baya na wuri ɗaya, ki ja baya ki ga ruwa, ki dawo gaba ki ga rufin kwano ya cinye shi kaɗan kaɗan. Ku ɗauki hoton kowace shekara ku jera. Idan damina ta zo kowane gida da ruwa ya shiga a ɗauki hoton alamar da ya bari a bango, a tsayar da yaro ko sanda a gefe dan a ga tsayinsa, a rubuta rana, a ɗauki lambar GPS ta wurin. Akwai manhajar KoboToolbox da ke tara irin wannan ko ba data, sai an samu sabis ya tura. Matasan Kibera a Nairobi haka suka yi a 2009, unguwarsu mai ɗimbin jama'a kusan fili fari ce a taswira, suka bi lungu lungu da na'urar GPS suka sa famfuna da makarantu da asibitoci da bayan gida a OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa zai iya ƙara wa bayani, har yau ana amfani da aikin.

To duk wannan tara bayani ne, fasahar tana wajen yadda za ku mayar wa unguwa da shi. Ni da ni ne ku, zan ari majigi na dare ɗaya, a nemi izinin mai unguwa, bayan isha a haska hotunan a jikin bangon da ke tsaye daidai inda ruwan yake a da, muryar tsofaffin na fita a lasifika, ruwa na raguwa a bango shekara bayan shekara. Da rana kuma a ba yaran makarantarki shuɗin alli ko farar ƙasa su bi ƙasa su zana iyakar tsohon kududdufin yadda kakanni suka nuna, ta ƙofar shago, ta gefen masallaci, ta tsakiyar titi, mutum ya fito ya ga ashe a tsakiyar ruwa yake sayar da kati. A ajiye babbar taswira a zaure da biro a rataye, kowa ya zo ya gyara ko ya ƙara abin da ya sani, kuma za a yi musu sosai, ku bar su su yi, musun nan shi ne aikin.

Abu ɗaya, ku kiyayi nuna yatsa ga wani gida ko wani mai shago da suna. Da yawansu saya suka yi da takarda a hannu, wasu ma haya suke. In abin ya koma tonon silili ranar za a kashe majigin. Ku gayyaci kansila da mutanen REMASAB, hukumar kwashe shara ta Kano, su zauna a tabarma su kalla tare da kowa, sannan washegari a yi gayyar yashe lambatu tun jikin mutane bai yi sanyi ba.

Irin wannan hanyar za ta yi wa badala ma. Tun zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, aka fara ta, tana cikin jerin jiran shiga wuraren tarihin duniya na UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2007 ba ta shiga babban jerin ba, alhali hawan sallar Kano ya shiga jerin al'adun da ake gado a 2024. Guntayen da suka rage, da waya za ki zagaye su ki ɗauki hotuna masu yawa ta kowace kusurwa, manhaja irin Polycam ta haɗa miki siffarsu da za a juya ta kowane gefe. Ba zai hana mai ɗibar ƙasa ɗiba ba, amma in ya ɗiba akwai shaida.

TAMBAYA, daga wani bawan Allah a Gwammaja: Malam ina son zane a waya amma ina tsoron maganar surar abu mai rai. Ya zan yi?

AMSA: Ɗan'uwa fatawa ta malamai ce, ka je wajen wanda ka yarda da iliminsa, sun yi bayani a kan bambancin mutum-mutumi da zanen hannu da hoton kyamara kuma akwai saɓani a tsakaninsu. Abin da zan ce maka a nawa fagen shi ne ko ka ɗauki mafi tsananin ra'ayi aikin yi bai ƙare maka ba. Zayyanar allo da ta Alƙur'ani, zanen magina a fuskar soraye irin na Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, aska takwas a gaban babbar riga, zanen hula, dagi, ƙullin rini na marinar Ƙofar Mata, duk lissafi ne da maimaici, kuma ba abin da kwamfuta ta iya kamar maimaici. Taswira, sauti, haske, rubutun ajami, babu sura a ko ɗaya.

TAMBAYA, daga wani matashi a Hotoro: Yallaɓai an ce ana sayar da zane a intanet a matsayin NFT a samu miliyoyin daloli. Ina da zanen Dutsen Dala da na yi a waya, ya zan yi in sayar? Wani ya min magana a Facebook ya ce zai saya dala dubu uku amma sai na fara biyan kuɗin rajista.

AMSA: Kada ka tura masa ko sisi, ɗan damfara ne, wannan salon ya tsufa, za su kai ka wani shafi nasu ka biya kuɗin ɗorawa daga nan ka neme su ka rasa. NFT wata shaidar mallaka ce ta intanet da ake sayarwa a kan zane, kuma labarin miliyoyin ya faru da gaske, a watan Maris 2021 gidan gwanjon Christie's ya sayar da aikin wani Ba'amurke Beeple a kan sama da dala miliyan 69, kuma a shekarar ɗan Najeriya Osinachi, wanda da Microsoft Word yake zanensa, shi ma ya sayar a Christie's. Amma kasuwar ta faɗi warwas daga 2022, mafi yawan waɗanda suka saya yanzu ko mai tayawa ba su da shi. A lokacin ma an yi ta sukar abin saboda wutar da Ethereum, tsarin kwamfutocin da ake cinikin a kansa, ke ci, sai a Satumba 2022 suka canza tsari cin wutar ya ragu da sama da kashi 99 cikin ɗari, to wannan ƙorafin ya yi sauƙi, mai saye ne dai ya yi wuya.

Zanen Dalanka ka kai shi wajen masu buga hoto su fitar maka da shi mai kyau a sa a firam, ka gwada otal otal da ofisoshi da shagunan kayan tsaraba da Kanawan da ke zaune a waje masu kewar gida, ka yi katin biki, bangon littafi, zanen atamfa ga 'yan kasuwar Kantin Kwari. Kuɗin ba zai kai na Beeple ba amma za ka ga alat.

TAMBAYA, daga wani mai gyaran waya a Farm Centre: Oga muna da buhu buhu na matattun fanel da fasassun sikirin da caja, 'yan jari bola ke zuwa su saya a kilo. Na ga wani a TikTok ya haɗa taswirar Afirka da su. Zan iya yin irin wannan da yaran shagona?

AMSA: Maigida za ka iya, kuma hannunku ya fi na mai TikTok ɗin saba wa ƙananan abubuwa. Wanda ya kai irin wannan aiki ƙololuwa El Anatsui ne, ɗan Gana da ya koyar a jami'ar Nsukka tun 1975, marufan kwalba yake sa a daddaƙe a huda a ɗinke da wayar tagulla su zama kamar ƙaton zane mai walƙiya da ake ratayawa a bango, kuma ba shi kaɗai ke yi ba, matasan garin da yawa ne ke zaune suna ɗinkin. A 2015 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na birnin Benis na Italiya. Nasa marufan na kwalaben giya ne, mu nan na lemo sun ishe mu har mu ba wani.

Sai dai fanel ba marfin lemo ba ne. Akwai dalma a tsohuwar sodar da aka liƙe kayan fanel da ita, batirin da ya kumbura in aka huda shi yana kamawa da wuta, hayaƙin wayar lantarki da ake ƙonawa dan a ciro tagulla guba ne. Ba mu manta Zamfara ba a 2010, yara sama da 400 gubar dalma ta kashe, can daga dutsen zinare ne da ake niƙawa a cikin gida, amma dalmar dai ita ce kuma yara ta fi kamawa. Dan haka ba ƙonawa, ba gogawa da injin da zai tada ƙura, batir a ware shi gefe, a sa safar hannu, a wanke hannu kafin a ci abinci, in an gama a rufe aikin da gilas, kuma kada a kai kayan gida ƙananan yara su yi wasa da su. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na irin wannan shara, wanda aka tabbatar an sarrafa yadda ya kamata bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Kuma dan Allah kar ka yi taswirar Afirka, kowa ita yake yi. Yi ta birnin Kano da ƙofofinta, koren fanel ya zama unguwanni, wayar caja ta zama kogin Jakara, ka rataye a bakin shago, duk kwastoman da wayarsa ta mutu murus ya manna ɗan guntunta a unguwarsu da hannunsa. Amma a cire masa memori da sim a ba shi tukuna.

TAMBAYA, daga wani dattijo a Dala, jikansa ne ya rubuta masa: Shekarun baya wasu samari sun zo da wata baƙuwa suka ɗauki hotunanmu muna aiki, suka naɗi maganarmu, suka ce aikin al'umma ne za a nuna a waje. Tun daga ranar ba mu sake jin ɗuriyarsu ba, sai jikana ya ga hotona a intanet. Wannan daidai ne?

AMSA: Baba Allah ya ƙara girma, ba daidai ba ne, kuma wannan ita ce babbar cutar da ke cikin harkar nan, a zo a kwashi fuskar mutane da labarinsu a je a karɓi tafi da tallafi da sunan al'umma, al'ummar ko kwafi ɗaya ba ta gani ba. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, jikanka zai iya rubuta wa shafin ya nemi a sauke hoton ko a sa sunanka da sana'arka yadda ya dace, wanda duk ka fi so.

Nan gaba in wasu suka zo, kafin a kunna komai a tambaye su a gaban mai unguwa, ina za a nuna, wa zai samu kuɗi, za mu gani kafin a fitar, in mun ce a cire wani abu za a cire, kuma wane kwafi za a bar mana. Mai niyyar kirki ba zai ji haushi ba. Akwai wani Bafaranshe mai ɗaukar hoto da ake kira JR, a 2009 ya buga manyan hotunan idanun matan Kibera a kan leda mai kauri wadda ruwa ba ya ratsawa aka shimfiɗa a rufin gidajensu, hoton ya tafi duniya, rufin kuma ya rage yoyo. Ko shi akwai masu cewa sunansa ne ya fi cin riba, kuma ban ce sun yi ƙarya ba, amma dai ya bar wani abu a wurin. Malamar da ta yi tambaya a sama, wannan ya shafe ku ku ma, duk muryar da kuka naɗa a tura wa gidan da aka naɗo ta a WhatsApp ko a memori, kuma matar da ta ce kar a sa fuskarta ko sunanta, a bar ta a yadda ta ce.

TAMBAYA, daga wata ɗalibar kimiyyar kwamfuta a Tarauni: Yaya ina son furojet ɗina ya haɗa da hazo, wani abu da mutane za su gani da ido ba lambobi kawai ba.

AMSA: Ƙanwata ki nemi ɗan allon Arduino ko ESP32, wato 'yar ƙaramar kwamfutar da za ta sarrafa sauran kayan, da na'urar auna ƙura irin PMS5003, da fitilun LED masu canza launi, da ƙaramar sola da batir. Na'urar tana auna ƙananan ƙwayoyin ƙura da ake kira PM2.5, waɗanda ke wucewa har cikin huhu, Hukumar Lafiya ta Duniya a 2021 ta sa ma'aunin wuni ɗaya a maikurogiram 15 a kowace mita kubik, sai ki tsara fitilar ta yi kore a ƙasa da haka, ta koma ruwan ɗorawa, ta koma ja in abu ya yi tsanani. Ki sa ta cikin fitilar da masu ƙirar gwangwani za su huda miki da zanen dagi, ko cikin ƙwarya, ki rataye ɗaya a ƙofar makaranta ɗaya a bakin titi inda a-daidaita-sahu ke tsayawa, ki bar littafi a wajen mai shayin kusa mutane su dinga rubuta ranar da tari ko asma ta tashi musu. Yawancin ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi iska ke kwaso ta, amma ki lura da fitilar da magariba lokacin da ake kunna janareta da ƙona bola, za ki ga namu na gida ma ba kaɗan ba ne. Irin waɗannan na'urori masu araha ƙura tana toshe su, dan haka ki dinga hure ta lokaci lokaci kuma ki rubuta a furojet ɗin cewa awon nuni ne ba na asibiti ba.

Wanda ya yi tambaya a kan tashi da jirgi mara matuƙi a saman kasuwar Kurmi, akwai batun izinin hukuma a ciki mai ɗan tsawo, shi za mu fara da shi a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.